Ruwa a Tankin Motar Gado

Gado direba ne a Gangara, mai tsohuwar mota da ke kai mutane kasuwa. Tun da murfin tankinta ya ɓata yake toshe bakin da totuwar masara da leda. Ni da nake abokinsa na yi masa magana har bakina ya gaji. Kullum sai ya yi dariya ya ce totuwarsa ta fi murfin kanti.

Abin alfaharinsa a duniya shi ne ɗiyarsa Hamdiya, wadda ita kaɗai ta yi nisa a lakol, wato makarantar boko, a gidansu. Da jarrabawar birebe ta gama ƙaramar sakandare ta zo, ya hana ta bin 'yan ajinsu su kwana a Gazawa, inda za a yi ta, wai shi zai kai ta da kansa. Ya ce in raka su.

Kafin gari ya waye aka yi ruwa mai yawa, motar kuwa a fili take kwana. Muna cikin daji ta fara shaƙewa, ta mutu. Gado ya zare tiyo, ya tsiyayo mai a kwalba. Muna kallo ruwa ya kwanta a ƙasa, man ya taso sama.

Ya shiga ƙarƙashin motar cikin taɓo, ya kwance tanki, ya juye man a roba yana tacewa a hankali. Ya zuƙi tiyo da baki yana tofarwa, idanunsa jawur. Babu mota ko babur a hanyar, kowa yana gona. Ni dai roba nake riƙewa, ban san wani abin yi ba.

"Baba, muna iske su kuwa?" in ji Hamdiya.

"Yanzun nan, ɗiyata," ya ce, bai ɗago ba.

Sai da rana ta take motar ta tashi. Da muka isa Gazawa muka tarar an rufe ƙofar wurin jarrabawa tuntuni. Gado ya durƙusa wa mai gadi yana warin fetur, mutumin ya ce wallahi ba shi da iko. Tausayinsa ya kama ni har na kasa yi masa faɗan da na tanada.

Hamdiya ba ta koma lakol ba, ɗinki take koyo. Ba ta taɓa tada maganar ba. Shi kuwa Gado har yau kowace safiya sai ya tsiyayo mai a kwalba ya ɗaga ya daɗe yana dubawa, ko da tsakiyar rani ne.