Ranar da Goggo ta lulluɓe sabar

Tun safe wayata ta ƙi shiga sabar da nake haɗawa a gida, wato 'yar kwamfutar da na zuba hotunan danginmu da muryar marigayi Baba a ciki. Ni ne kuma gwanin da ya sa ƙannena suka goge nasu, wai rumbun kanmu ya fi amana.

Na canza kebul ɗin rauta, wato na'urar raba intanet, na sake kunna ta, na zagi kamfanin layi a zuci. Shiru.

Da na leƙa ɗakin da sabar take sai na tarar da ita cikin bargo, a wannan zafin na Gumel. Ta ɗau zafi kamar murfin tukunya, ta mutu.

Goggo, ƙanwar Baba da ta zo daga Gagarawa, tana kan tabarma.

"Goggo, wa ya rufe ta?"

"Ni ce. Ka ce muryar Yaya na ciki, kuma ka bar shi tsirara a ƙasa? Kai ɗan nan, bokonka bai koya maka kunya ba."

Yanzu ta huce, amma hannuna ya kasa danna makunnin. In ba ta tashi ba, ban san bakin da zan gaya wa Goggo ba.

Masana, in danna ko in jira?