Dattijo Mai Ƙwanƙwasa Bulo

Bulo arba'in na zo saya, minti goma na ware, sai ga ni tsaye ina kallon wani dattijo. Wandonsa duk jar laka, a hannunsa igiya mai ƙulli bakwai, awon katangar da za ta tare gangaren bayan gidansa. Yana ƙwanƙwasa kowane bulo da makulli, yana kasa kunne. Sha ɗaya ya ƙi, na ƙirga.

"Baba, katanga iya gwiwa ai ba bene ba ce," in ji mai bulo.

"Ta bara ma iya gwiwa ce, ɗana, ni na gina. Ruwa ɗaya ya kwantar da ita inda jikata take wasa."

Bai faɗi halin da jikar take ciki ba, ni kuma na kasa tambaya. Na ciro makullina.