Kibiyar da Ta Ƙi Tsayawa

Na koyi rubuta manhajar kwamfuta a Ingila, na yi aiki da ita a Jidda da Khartum, amma sai da na dawo Dutse na san cewa ba kowane hannu ne ke iya tsayawa cik ba.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, aka ba ni aikin shirya manhajar rajistar ƙararraki ta wata kotu. Magatakardan kotun dattijo ne mutumin Ringim. Larabcinsa ya fi nawa tsafta, Turancinsa kuwa na gaisuwa ne kawai. Ana ta raɗe-raɗin cewa idan ya kasa sarrafa na'urar, za a kawo wani matashi kujerarsa.

Sai na yi masa dabara. Duk rubutun da ke kan allon Turanci ne, amma na tsara shi yadda idan aka kai kibiyar linzamin kwamfuta kan wata kalma, ta ɗan tsaya, fassarar Hausa za ta fito a ƙasanta. Na sa sharaɗin tsayawar ne don kada fassara ta riƙa ɓullowa duk inda kibiya ta gifta. Haka muke yi a Jidda, ba wanda ya taɓa kuka. Muka gwada da shi mu biyu, komai lafiya.

Ranar da masu duba aiki suka zo daga hedikwata, su uku suka tsaya a bayansa. Babbansu ya ce, "Malam, buɗe mana ƙarar gado."

Ya kai kibiyar kan kalmar farko. Ba abin da ya fito. Na duba hannunsa, sai na ga yana rawa. Kowace 'yar girgiza, na'urar ɗauka take yi kibiyar tafiya take, sai ta sake jira daga farko. Ya ƙara matse linzamin, rawar ta ƙaru. Gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin hula.

"Ko dai a kira wani ne?" in ji ƙaraminsu, yana murmushi.

In na ce ya saki linzamin, fassara ta fito, na tona cewa da ita yake tafiya. In na yi shiru, ya tafi gida.

Akwai wata mai buga takardu a ofishin, Kirista 'yar Filato, wadda ta daɗe tana aiki da shi. Ta taso da tabaransa a hannu biyu, ta tsaya tsakaninsa da baƙin, ta ɗan rusuna.

"Baba, kai da gilashin nan! Kullum sai na bi ka da shi. Yaya za ka gani?"

Ya saki linzamin, ya sa hannu biyu ya karɓa. Kibiyar ta tsaya. Hausar ta fito, kafaɗar matar ta kare ta daga idon baƙin. Ya sa tabaran a hankali, ya karanta, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Daga nan ya gane: ya kai kibiya, ya ɗaga hannu kamar zai shafa gemu, ya karanta, ya danna. Ƙarar gado ta buɗe. Babban ya gyaɗa kai ya ce, "Ai ka ga, tsoho ba ya gaggawa."

Bayan la'asar na cire sharaɗin tsayawar, na faɗaɗa wurin da kowace kalma ke jin shigowar kibiya. A kujerar nan ya yi ritaya.