Rana Ɗaure a Ɗakin Nasiru

A garinmu, can kudu da Damagaram, in an gama tuwon dare ba a kashe wuta nan take. Iya Delu, wadda ta haifi uwata, takan jawo tabarmarta kusa da murhu, ta ɗauki karan dawa tana tona garwashi, mu kuwa jikoki mu zube gabanta, hannuwanmu na ƙanshin miyar kuka. Ba ta buɗe baki sai kowa ya bar mutsu-mutsu. Sannan ta ce, "Ga baƙuwa a bakin zaure." Mu amsa gaba ɗaya, "A shimfiɗa mata."

Iya ba ta barin tatsuniya a buɗe. Ko duk mun bingire da barci, sai ta ƙarasa wa garwashi. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, "Mutanen cikinta tsaye suke inda na bar su. Ke za ki so a bar ki da ƙafa ɗaya a sama har gobe?"

Cikin tatsuniyoyinta akwai ɗaya da na tsana. Ta wata mata ce mai ɗa guda. Wata safiya Mutuwa ta zo ta zauna a bakin rijiya, ta ce mata, "In rana ta faɗi zan tafi da shi." Matar ba ta yi kuka ba. Ta tattara igiyar guga ta gari duka, ta haɗa, ta hau bishiyar gawo, ta jefa wa rana zarge, ta ɗaure ta a reshe. Rana ta tsaya cak a la'asar.

Iya takan ɗaga karan nan sama, ta riƙe shi, ba ta motsi. "To," in ji ta, "yaro bai mutu ba."

Amma kaji ba su shiga akurki ba. Masu azumi ba su sha ruwa ba. Mai naƙuda tana durƙushe, ɗa ya ƙi fita. Hatsi ya tsaya a gona, bai nuna ba, bai bushe ba. Yaron kuwa yana zaune da ludayin fura a bakinshi, bai haɗiye ba, bai ajiye ba. Da abin ya yi tsawo sai ya juyo da ido wajen uwar, ya ce, "Inna, na gaji." Ta hau gawo ta kwance igiya.

Ni nan nake toshe kunnuwa. "Iya, ki tsaya! Ki tsaya inda bai mutu ba!" Sai ta cire hannuwana daga kunnena da nata mai sanyi, ta ce, "Ba ni na kashe shi ba, 'yar nan. Ni dai ina faɗa."

Yau ni ce tsohuwar. Ina zaune a La Courneuve, gefen birnin Pari na Faransa, wajen ɗiyata Rabi, a bene mai tsawo inda babu murhu, babu gawo. Rabi 'ya'yanta biyu maza, Sani da ƙanenshi Nasiru. Sani yana kai wa mutane abinci a kan moto, wato babur. Wata ranar ruwa mota ta buge shi, kafin a kai shi likita rai ya yi halinshi. Ubansu ya ce a gida Damagaram za a rufe shi, kusa da kakanninshi. Aka sa shi cikin akwatin ƙarfe aka liƙe, haka dokar jirgi take. Nasiru yana karatu a Lyon, wani birni mai nisa da mu. Ko da ya iso, an riga an liƙe. Bai kuma bi gawar ba, don takardarshi ta izinin zama tana wajen sabuntawa, in ya fita ba lalle ya samu dawowa ba. Ni ma ban je ba, ƙafafuna suka hana.

Bayan sadakar arba'in Nasiru ya koma Lyon. Cikin kayan wanshi bai ɗauki riga ba, bai ɗauki agogo ba, sai akwatin wasan da ake haɗawa da tele, wato talabijin.

Da farko yana kira. Daga baya sai an kira shi. Daga baya ya bar ɗauka. Sai wani abokinshi ɗan Cadi ya bugo wa Rabi, ya ce Nasiru ya bar zuwa lakwal, makarantarsu ke nan, tun damina, ya bar fita, abincin da ake ajiye mishi a ƙofa nan yake tsami. Rabi ta je, ya ƙi buɗe mata. Ubanshi ya je ya yi ta faɗa ta bayan ƙofa har maƙwabta suka leƙo. Rabi ta dawo ta zauna a ƙasan kicin, ta ce, "Inna, ɗaya na rufe, ga na biyun yana tafiya ina kallo."

Na ce a sa ni a jirgin ƙasa.

Abokin nan ne ya tarye ni a gar, tashar jirgin ƙasa, ya kai ni har ƙofar ɗakin, ya tafi. Na ƙwanƙwasa. Shiru. Na ce, "Kai, mijin banza! Amaryarka ta taso tun daga Pari da ciwon gwiwa, ka bar ta tsaye? To ka ba ni takardata in koma."

Tun yana rarrafe nake mishi wannan wasa, kullum kuma yana da amsa. Yakan ce ya sake ni tun bara, haƙorana sun zube.  Ran nan makulli kawai na ji ya juya.

Wanda ya buɗe mini, wuyanshi kamar na zakara. Ɗakin duhu ne da tsakar rana, an rufe taga da bargo. Haske ɗaya ne, na tele. Na ajiye ƙunshin dambun da na zo da shi, na zauna a bakin katifa. Ban yi wa'azi ba. Na ce, "Nuna mini abin da ya fi ni kyau."

Ya shiga yi mini bayani, Hausarshi tana tuntuɓe da Faransanci. Ya ce wasa ne na mutanen Japan, irin mai dogon labari, wanda ake wata da watanni ana bi. A cikin duniyar wasan akwai wani da ake ce wa Mai Juyi. Duk lokacin da duniya ta lalace, sai ya dunƙule ta kamar yumɓu ya sake gina ta, ya mayar da mutanen jiya, da fuskokinsu, sai dai ba su tuna kome. Ba wanda yake mutuwa har abada, ba kuma wanda yake kaiwa ko'ina. Shi ne wasu matasa suka tashi za su je su karya abin, don gobe ta zama gobe ta gaske.

Na ce, "A'uzu billahi. Allah za su yaƙa?"

"A'a, Kaka. Wani ne da ya ɗauki kanshi Allah."

"To, Fir'auna ke nan. Ci gaba."

Ya nuna mini. Sama ja wur, ta tsage a tsakiya. Ga wata ƙatuwar ƙofa a kan dutse. A gabanta wani saurayi tsaye da takobin da ya fi shi tsawo, yana numfashi, kafaɗunshi na hawa suna sauka. Nasiru ya ce bayan ƙofar nan ne yaƙin ƙarshe. In aka ci, duniya ta tsira, amma daga ranar wanda ya mutu ya mutu ke nan. Labari ya ƙare.

"In ba a shiga ba fa?"

"Sai ta jira. Kowa a cikin gari yana cewa gobe za a tashi duniya, amma goben ba ta zuwa sai ka shiga."

Ya juya saurayin, ya gangara da shi gari. Ya kama kifi. Ya kai wa wani tsoho magani. Ya shiga wani kanti, mai kantin ta yi magana, ya fita ya dawo, ta sake yin maganar da irin motsin hannunta na ɗazu. Na ce wannan baiwar Allah ba ta da wani zance? Ya ce ba ta da shi, sai labari ya ci gaba. Abin da yake yi ke nan tun damina.

Akwai rubutu a saman kan saurayin. Na tambaye shi me aka rubuta.

Ya ce, "Sani."

A irin wasan nan kai kake raɗa wa jarumin suna. Sani ne ya fara shi, ya sa sunanshi. Ya kai har bakin ƙofar, ya tsaya, ya bugo wa ƙanenshi ya ce ba ya shiga shi kaɗai, sai ya zo hutu su ƙarasa tare.

Na san hoto ne. Na san wasu ne can suka zana shi, gashinshi ma fari ne, bai yi kama da kowa namu ba. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Juyo da shi in ga fuskarshi." Ya juyo da shi. Muka zauna muna kallon abin nan yana numfashi, har la'asar ta kusa kuɓuce mini.

A wajenmu ba a tatsuniya da rana, an ce mai yi ɓata yake a daji. Na duba ɗakin nan na ga ai mun riga mun ɓata. Washegari da hantsi na ba shi labarin matar da ta ɗaure rana, yadda Iya take ba mu, ban rage kome ba. Ya saurara kanshi a ƙasa. Da na kai inda yaron ya ce ya gaji, sai ya miƙe tsaye.

"Na gane, Kaka. Ni ba yaro ba ne. Ita matar taki ai ta ga ɗanta, ta riƙe shi. Ni me na gani? Akwati! An liƙe shi an manna takarda, an loda shi kamar kayan da Baba yake sarowa a kasuwar Aubervilliers. Kowa sai ce mini yake haƙuri, haƙuri. In yi haƙuri da me? Ban ga kome ba! Nan in ya faɗi ina tashe shi. Nan kaɗai ne."

 Ni ma akwatin na gani. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba, don na zo da abu ɗaya a hannuna, na ba shi, bai yi aiki ba.

Ban koma Pari ba. Na shimfiɗa darduma a gefe, ina dafa abin da na samu a 'yar tukunyarshi, yana cin loma biyu don kar in yi ta magana. Rabi tana kira, ina ce mata da sauƙi, ina neman gafarar Allah.

Wata Juma'a da azahar, ina jan carbi, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Kaka, matso kusa." Na matso. Ya ɗauki abin da ake latsawa. Ya tura saurayin, ƙofa ta buɗe.

Abin da ke ciki ba ni iya siffanta shi. Fukafukai ne, da idanu, da wata babbar da'ira tana juyawa a bayanshi, ga waƙa kamar ta masu makoki. Suka gwabza. Nasiru yana zufa, yana cije leɓe, ni kuwa na samu kaina ina karanta duk abin da na haddace, ban san wa nake roƙa wa ba. Can sai haske ya cika tele, duka suka zube. Tele ta yi baƙi.

Na ce, "An ci?"

"Ya kashe mu."

Kafin in rufe baki, ga Sani tsaye a bakin ƙofa, da takobinshi, yana numfashi, kamar ba a yi kome ba.  Nasiru ya ajiye abin latsawar a ƙasa, ya kifa kanshi a kan gwiwata, ya yi kukan da bai yi ba ran da aka kai akwati filin jirgi.

Tun ranar nake tunanin Iya Delu. Ta ce mana matar ta hau gawo ta kwance igiya, a numfashi ɗaya ta faɗe shi, ta tona garwashi, ta ce mu je mu kwanta. Ba ta faɗa mana ƙullin da ya sha rana haka yadda yake ciza ba. Ba ta ce ko matar ta hau ta kasa, ta sauko, ta sake hawa ba. Ko ba ta sani ba, ko ta ga mun yi ƙanana. Ni da na toshe kunne ina yarinya, ashe wurin da ya fi wuya ma ba a faɗe shi ba.

Bai sake shiga ƙofar ba, bai kuma kashe tele ba. Lakwal har yanzu bai koma ba. Ban san ko zan fita da shi daga ɗakin nan ba, ƙarfina kuma ba na da ba ne.

Jiya dai, ina tsame shinkafa, ya ce, "Kaka, a wane gefe aka sa shi? Akwai itace a wurin?"

Na ce ban sani ba, mata ba su zuwa, ni ko garin ban taka ba.

 Sannan ya jawo wayarshi daga ƙarƙashin matashi, wadda ta daɗe a mace, ya sa ta a wuta. Ya ce in ta tashi za mu kira kawunshi na Damagaram, ya je maƙabarta da safe kafin rana ta yi zafi, ya buɗe bidiyo ya nuna mana.

"Amma ke za ki fara gaisawa da shi," in ji shi. "Ni in na ji muryarshi ba zan iya magana ba."

Na ce to. Na goge hannuna, na zauna kusa da shi, muna jiran waya ta kawo haske.