Wa'adin Awa Biyu

Ranar da Injiniya ya koya wa na'urori su riƙa karɓar adireshi da kansu, aikina ya mutu. Bai faɗa ba. Ni na gani.

Injiniya taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Na goya shi yana jariri, ya jiƙa mini baya, har yau bai ba ni haƙuri ba. Shi ya yi boko har ya gaji. Ni ban taka ƙofar aji ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Da mutanen daji suka tashe mu daga ƙauyenmu na ƙasar Maradun, na iso Talata Mafara da mata da 'ya'ya da tukunya ɗaya. Shi ya kai ni wurin maigidansa, mai wani ƙaramin kamfani da ke harba intanet daga kan wani dogon ƙarfe zuwa kan wani, daga Mafara zuwa Bakura da Maradun da ƙauyukansu. Ya ce masa na iya babur, ba na tsoron hanya, kuma ba ni da surutu. Maigida ya yi mini tambaya uku, na amsa ɗaya. Ya ɗauke ni.

Kowace na'ura sai da adireshi, in ba haka ba saƙo bai san inda zai sauka ba. A tsohon tsari adireshin lamba ce kashi huɗu, da hannu muke sa ta. Harafi ban sani ba, amma lamba na sani, don na yi shekaru ina sayar da albasa. Injiniya yana rubuta lambobin a wani littafi. Wata damina littafin ya jiƙe a jakata, ya koma kunu. Ya dafe kai. Na ce ya kawo takarda, na zauna na faɗa masa su duka: kwamfutar mai shagon magani a Bakura, goma, biyu, bakwai, ashirin da ɗaya, firintar mai hoto a Kaya, ta mai sayar da taki a Dakko. Bai sake sayen littafi ba. In na'ura ta rikice ko an sayo sabuwa, ni nake hawa babur in je in danna mata lambarta. Da wannan nake ci, da shi na kama ɗaki biyu a bayan tasha.

Wata Laraba da hantsi, kasuwa ta watse jiya, gari shiru, ya kira ni ofis.

"Tsoho, zauna. Za mu koma tsari na shida."

"Na nawa muke kai?"

"Na huɗu."

"Na biyar fa?"

"Ya ɓace a hanya."

"Allah ya jiƙansa," na ce.

Ya juyo mini da allon kwamfuta. Na ga wani abu dogo kamar jerin tururuwa, lamba a cakuɗe da harafi, kashi takwas.

"Wanga adireshin gari ne?"

"Na firinta ɗaya ne. Harafi shida kawai ke ciki, ko akuya za ta koya."

"To kawo akuyar ka ba ta babur."

Ya yi dariya, sannan ya bayyana mini. Wata na'ura ce za ta zauna a ofishin Mafara tana rabo. Duk kwamfutar da aka kunna, ko a Dakko take ko a Janbako, za ta yi sallama ta waya, na'urar ofis ta ba ta adireshi. Ba kyauta ba, aro. Awa biyu. Kafin wa'adin ya cika sai ta dawo ta ce ina nan, a sabunta mata. In ba ta dawo ba, adireshin ya fita hannunta.

"Mi ya sa awa biyu?"

"Tsabta," ya ce. "Kada a bar wa wanda ba ya nan wuri."

Sai na tambaye shi ni mene ne nawa a ciki. Ya shiga gyara wata waya da ba ta lalace ba. Daga baya ya ce maigida ya ce a bar ni zuwa ƙarshen damina, in gama juya na'urorin zuwa sabon tsari, sannan a gani. Na san wannan "a gani". An taɓa ce mini ita.

Haka na shiga yawo ina goge lambobina da hannuna. Injiniya ya nuna mini inda ake dannawa: nan, nan, sai akwatin ƙasa. Bakura kwana biyu, Dakko wuni ɗaya, Kaya rabin wuni. Kowace na goge, sai dogon jerin nan ya fito da kansa, ko sannu ba ya ce mini. Matata ta ce ba ta taɓa ganin mutum yana sammako don ya kori kansa daga aiki ba. Na ce yau ta gani.

Janbako na bari ƙarshe saboda hanya. Can akwai wani malami, gidansu gidan karatu ne tun kakanni. Yana da littattafan kakansa na rubutun hannu a cikin gafaka, takardun sun yi laushi kamar ganyen rama. Tun da aka fara ƙone ƙauyuka ya sayi kwamfuta, da na'urar ɗaukar hoton takarda, da wani baƙin akwati na ajiya, ya jera su kan tebur ɗaya a zaure. Shafi ɗaya ɗaya yake ɗauka da hannunsa. So yake ya gama kafin wani abu ya faru.

Mun gaisa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya damina, ya mutanen Mafara, ya hanya, ya jin tsoro. Sai da shayi ya huce muka gama. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya nuna na'urorin nan uku na kan tebur.

"Wato yanzu almajiran nan nawa sun sauke, ba su buƙatar ka biya musu?"

"Haka aka ce, Allah gafarta Malam."

"Kai kuma sai ina?"

"Za a gani."

Na goge lambobi uku na tafi.

Cikin watan marka aka yi kwana uku rana ba ta leƙo ba. Ƙarfen da ke tsakanin Kaya da Janbako da sola yake aiki, batirinsa ya tsufa. Ya mutu. Wannan ba sabon abu ba ne, duk damina sai ya yi. Mutane sun saba: intanet ta tafi, za ta dawo. Amma a rana ta biyu wani direban motar kasuwa ya tsaya ƙofar ofis ya ce Malam na Janbako yana gaisuwa, ya ce a faɗa mana almajiransa sun daina magana da juna.

Injiniya ya ce ai ƙarfe ne ya mutu, Malam ya jira rana ta fito. Na ce shekara uku ƙarfen nan yana mutuwa, Malam bai taɓa aiko ba. Na ɗauki babur.

Hanyar ta zama taɓo. Wani wuri na hau babur, wani wuri shi ya hau ni. Na isa bayan azahar, laka har gwiwa. Malam bai rage gaisuwa ko ɗaya ba saboda lakar. Bayan mun gama ya nuna mini tebur. Duk ukun a kunne suke, solar gidansa tana ja. Wayoyinsu a haɗe. Tsakanin kwamfuta da akwatin ajiya bai fi taki ɗaya ba. Amma in ya ɗauki shafi, sai kwamfuta ta ce ba ta san inda akwatin yake ba.

Na buɗe inda ake dubawa. Dogon jerin da Mafara ta ba su babu shi.

Na hau wani tudu bayan gari inda waya ke kamawa, na kira Injiniya. Ya ce, "Wa'adinsu ya cika. Sun nemi Mafara su sabunta, ba hanya, sai suka saki adireshin."

"Su ukun suna ɗaki ɗaya."

"Na sani."

"Sai sun aika Mafara kafin su gaisa?"

"Tsoho, na ce na sani."

Na sauko. Na danna musu tsofaffin lambobinsu daga kaina, goma, biyar, uku, sauran. Nan take suka gane juna. Malam ya ɗauki shafi, ya shige akwati. Ya ce alhamdu lillahi, ya sa aka kawo mini fura.

A hanyar dawowa na yi tunani, kuma ba zan ɓoye ba. In na yi shiru, damina za ta yi mini aiki. Yau Janbako, gobe Kaya, jibi Dakko. Kowa zai aiko, ni zan je in mayar da tsohuwar lamba. Kafin kaka maigida zai ce a bar tsari na shida ya bi na biyar. Aikina ya tashi daga kabari, ban yi wa kowa ƙarya ba. Na ɗauki wannan tunanin tun daga Janbako har gadar shiga gari. Nauyinsa ya fi na babur.

Washegari na sami Injiniya ido ja, gaban allo. Na ja kujera.

"Ka san rumfata ta albasa?"

"Wace rumfa kuma?"

"Ta kasuwar ƙauyenmu. Shekara goma sha ɗaya ina wurin. Karon farko da aka kore mu, kafin na ƙarshe, na yi mako bakwai a daji da gidajen dangi. Da na dawo na tarar da wani yana sayar da manja a wurina. Aka ce doka ce, wanda ya yi kasuwa uku bai zo ba a ba wani. Wanda ya yi dokar mutumin kirki ne. Lokacin da ya yi ta, zazzaɓi kawai ke hana mutum zuwa kasuwa."

Ya daina danna allo.

"Awa biyunka ta mutanen birni ce," na ce. "Nan in abu ya ɓace ba ya dawowa a awa biyu. Kuma wurin ya yi maka kaɗan ne?"

"Wuri? A wanga tsari ko kowace ƙwayar gero ta Bakura ta zo za ta samu."

"To rowar mi kake yi?"

Ya jawo takarda, kamar ranar da littafi ya jiƙe.

"Faɗa mini. Kowane ƙarfe, kwana nawa yake yi a mace?"

Na faɗa masa. Na Dakko wuni ɗaya, in ya yi yawa biyu. Na Kaya uku. Na Janbako in batir ya mutu kuma hanya ta yanke, ko ta ruwa ko ta mutanen daji, ya taɓa kwana takwas. Ya rubuta. Ya ce zai sa wa'adin wata guda. Na ce wannan ya fi kama da mutunci. Ya ce kuma akwai wata hanya da ya raina tun farko: akwatin kowane gari mai ƙaho biyu, wanda waya ke shiga, shi zai riƙa shelar rabin adireshi, wato sunan unguwa, kowace na'ura ta ƙarasa sauran rabin da kanta. Ko Mafara ta nutse, na ɗaki ɗaya za su san juna.

"Ka gane abin da ka yi?" ya ce. "Yanzu ko marka ba za ta nemo ka ba."

"Na gane."

"Ka yi gaba da kanka da kyau."

"Kai ka fara, tun kana bayana."

Mako biyu muka yi muna gyara. Na koma Janbako na sake goge lambobi uku, karo na biyu. Malam ya tambaye ni ko wannan karon saukar gaske ce. Na ce sai ƙarfe ya mutu za mu sani. Ya mutu bayan kwana tara. Malam bai aiko ba. Shirun nan shi ne takardar sallamata, kuma na ji daɗinsa, abin da har yau matata ba ta yafe mini ba.

Da kaka ta yi, maigida ya kira ni. Takardar nan ta kwanakin mutuwar ƙarfe tana gabansa. Ya ce bai san ƙarafansa suna kwana haka a mace ba, don ba wanda ya taɓa faɗa masa. Na ce ba wanda ya taɓa tambayata. Ya ce aikin lamba ya ƙare. Amma yana son wanda zai riƙa zagaya ƙarafan, ya goge sola, ya duba batir, ya sauya wanda ya gaji tun bai mutu ba. Kwana uku a mako. Ya fi tsohon aikin nauyi a kafaɗa, bai kai shi kauri a tukunya ba. Na karɓa. Sauran kwanakin na koma albasa, a gefen rumfar wani.

Akwai wata tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen allo da nake ɗauka a jaka don gwaji. Ranar da na fara sabon aikin Injiniya ya kunna ta a ofis, ya nuna mini dogon jerinta.

"Wanga naka ne. Na ɗaure shi, ba ya da wa'adi. Ko shekara ka yi a daji ba mai sayar da manja a kai."

"Na gode."

"Sai dai ba za ka iya haddace shi ba."

Kwana huɗu na yi. Na tsaya a ƙofar ofis na karanto masa shi tun daga farko har ƙarshe, da haruffan. Ya ce na yi kuskure a kashi na shida. Ya duba allo. Shi ne ya yi.

Yanzu ina Talata Mafara, a ɗaki biyun nan na bayan tasha. Na san harafi shida. Tsofaffin lambobin suna nan a kaina, ba mai tambayarsu. Gobe Asabar, ina da batir biyu da zan kai ƙarfen Kaya.