Odette da teburin biskit

Masu turo min saƙo kullum wai me ƙanwarku za ta yi da shekarar da ta rage mata a jami'a kafin ta nemi makarantar likitanci, ga labarin Odette nan, ku karanta ku bar ni in huta.

Odette Surette 'yar gwaggona ce, ɗaki ɗaya muke haya a birnin Halifax na Kanada. Kanta yana ja. Darussan da ake buƙata duk ta gama su tun a aji uku, shekara ta huɗu ta zama rara. Nan fa 'yan shawara suka taso. Wannan ya ce ta kwashi darussa masu sauƙi makinta ya hau, wancan ya ce ta liƙe wa wani farfesa a ɗakin bincike. Abin da ba su sani ba, Odette ba ta iya ganin jini. Ko yatsa na yanke wurin yankan albasa, sai dai in bar nawa ciwon in tare ta kafin ta sha ƙasa.

Ta ce min, "Ke Lise, in shekarar nan ta ƙare ban iya kallon jini a tsaye ba, ba zan nema ba. Ba zan tare wa wani gurbi ba."

Sai ta tafi aikin sa kai a wurin ba da jini. Aka ba ta teburin da masu bayarwa ke zama su huta, ta miƙa musu biskit da lemo. Tun ranar farko ta juya kujerarta ta fuskanci bango, gadajen ɗibar jini suna bayanta.

Akwai wani tsohon masunci, Alcide Pothier, ɗan wajen garinmu Yarmouth, da ya dawo zama wurin 'yarsa. Duk sanda lokacin ba da jininsa ya zagayo yana nan ya naɗe hannun riga. Shi ya gano ta.

"Yarinya, saurayinki ne a jikin bangon nan?"

"Baba, ci biskit ɗinka."

"Me kike karantawa?"

"Likita nake so in zama."

Ya yi dariya har lemo ya sarƙe shi. "Likitar bango! Allah Ya ba bangon lafiya."

Da zai tafi sai ya sa ƙafa ya ɗan karkata kujerarta wajen gadajen. "Ni ma shekarata ta farko a teku amai na yi ta yi, ga shi a ciki na tsufa. Bar ta a haka."

Ta bar ta. Wata nas ta koya mata ta riƙa matse cinyoyi da ciki in ta ji jiri na zuwa. Duk da haka ta faɗi, ba sau ɗaya ba. Wata rana ta dawo da ƙulu a goshi da garin biskit a gashi. Na ce, "Haba, lauya ma ai aiki ne." Silifas ta jefe ni da shi. Kujerar dai tana ta juyawa kaɗan-kaɗan, wani lokaci ƙafar tsohon, wani lokaci ita da kanta.

Da ƙanƙara ta fara narkewa, Pothier ya zo ya haye gado ya ƙwala mata kira.

"Likitar bango! Zo riƙe min hannu, tsoro nake ji."

"Ƙarya kake, Baba."

"Ƙarya nake. Zo dai."

Ta je. Ta ga shigar allura, ta ga jinin ya bi roba. Fuskarta ta yi fari fat, shi kuwa sai kushe girkin 'yarsa yake. Ba ta kau da ido ba har jakar ta cika. Sannan ta tako da ƙafarta ta zauna a kujerar masu bayarwa, tsohon ya buɗe lemo ya miƙa mata.

"Sha, yau ke kika fi ni zubar da jini."

Ta nemi makarantar likitancin. Amsa ba ta zo ba tukuna, kuma masu cewa raba biskit ba ya burge kwamitin ɗaukar ɗalibai, na ji ku, ku je can. Jiya wuƙa ta sake yanka ni. Kafin in yi ihu Odette ta cafke yatsan ta danne, tana ƙare masa kallo.

"Ke wai sai yaushe za ki iya yankan albasa?"