Kasuwar Kirsimeti da Malachy Bai Ci Ba

Malachy mutumin Zonkwa ne, dogo, siriri, mai tafiya a hankali kamar yana tsoron taka ƙasar mutane. A unguwar Glenwood, cikin garin Greensboro na Amirka, muka yi maƙwabtaka, shi yana hayar ɗaki ɗaya a bayan gidan wata tsohuwa, ni ina zaune da 'ya'yana a tsallaken titi. Ni ce Yemima. Kowa a Greensboro Anti yake ce mini, har waɗanda suka girme ni, don bakina ba ya jiran izini. Aikina kula da tsofaffi ne a gidan jinya. Shi kuwa a masaƙa yake, inda ake saƙa yadin wandon jins, kullum ya dawo da burbushin auduga shuɗi a gashi da gira. Ranar Asabar ya hau kekensa zuwa unguwar Irving Park ya share wa masu hali ganye.

Wata takwas kacal ya yi da aure ya taho Amirka, a shekarar 1991. Matar, Roseline, ƙawar ƙanwata ce, a gabana ta girma. Ya bar ta tana aiki a wani asibitin mishan da alkawarin shekara ɗaya, shekara ɗaya ta zama biyar. Masaƙa ta shigar masa da takardun zama, lauya kuma ya ja masa kunne: in ya kuskura ya bar ƙasar kafin izinin tafiya ya fito, takardun sun mutu, kuma ba mai barinsa ya sake shigowa. To, ya zauna. Ba giya, ba kallon 'yar kowa, har tsiya nake masa ina ce masa Fada Malachy. Abu ɗaya yake so a duniya, ya ga matarsa ido da ido.

A watan Nuwamba na 1996 ya shigo gidana ko sallama bai gama ba. Wai Roseline za ta Jamus, birnin Kolon, da mawaƙan zumuntar mata, za su yi Kirsimeti a can. Kolon fa! Tun yana yaro yake jin sunan a rediyon babansa, a shirin Hausa na yamma, bai taɓa zaton zai haɗa hanya da garin ba. Ya je ofishin masu shirya tafiye-tafiye ya kwaso takardu masu hotuna, duk abin da baƙi ke yi a garin lokacin hunturu, ya haddace su kamar katikisma.

Kai, mun sha Kolon a wannan watan. Kasuwar Kirsimeti a gindin babbar majami'a, rumfunan katako jere da fitilu. Masu gasa 'ya'yan itace da sukari. Wani ƙosan dankali da ake ci da zafinsa a tsaye. Lilon dokin katako, jirgin ruwa mai yawo da baƙi a kogi ana waƙoƙin haihuwar Yesu, da hasumiyar majami'ar mai matakala sama da ɗari biyar. Ya ce ita da shi za su hau har ƙarshe, in ta gaji ya goya ta. Na ce, "Kai da ko buhun shinkafa ba ka iya ɗauka?" Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Kwana uku da saukarta Roseline ta kira ni daga Jamus, da rana, lokacin da ta san Malachy yana wurin aiki. Ina jin muryar na san ba lafiya. Babu mawaƙa, babu zumunta. Sankarar mama ce, ta ci jiki, wata Sista Bajamushiya da suke aiki tare ce ta nema mata gado a asibiti. Ta ce, "Anti, ki rufa mini asiri. In ya ji zai taho, wahalar shekara biyar ta tashi a banza, a ce ni na jawo. Ki yi mini alkawari a gaban Ubangiji." Na yi mata.

Ban iya riƙewa ni kaɗai ba, na kai maganar wurin Baba Nanven, dattijonmu na nan, wanda duk wata rasuwa ko rigima ta 'yan arewa sai ta bi ta falonsa. Ya saurara, ya ce, "Yarinyar ta yi tunani. Mu ba ma aika wa matafiyi mugun labari. Me zai yi da shi a nan, ban da ya ƙwace masa hankali a gaban inji?" Ban yi gardama ba, don ni ma haka aka yi mini. Babana ya yi wata huɗu a kabari kafin a gaya mini, aka bari na gama jarrabawa tukuna, har godiya na yi wa waɗanda suka ɓoye. Haka muka taso muka tarar.

Lahadi ta biyu a Disamba, bayan sujada, Malachy ya zo ya zauna a kicin ɗina ina tuƙa tuwo. Wani coci a Kolon da ya rubuta wa ya aiko masa da takardar gayyata, ya ce ya yanke shawara, tafiya zai yi, izini ya zo ko kada ya zo.

"Anti, na gaji," in ji shi. "Na fara manta yadda take tafiya. In sun hana ni dawowa, sai in bi ta gida in yi noma. Ai ba a masaƙa aka haife ni ba."

A nan ne na yi abin da har gobe nake jin kunyarsa. Na ajiye muciya na hau shi da faɗa, irin faɗan da na ƙware a kai. Na ce haba Malachy, ashe ba ka da wayo? Shekara biyar kana shaƙar auduga, saura ƙiris, za ka zubar saboda ƙosan dankali da lilo? Na ce kasuwar nan kowace shekara ana cinta, majami'ar ba ƙafa gare ta ba. Sannan na ce, da wannan bakin nawa, "Roseline tana nan, ba inda za ta."

Ya ce, "Gaskiyarki, Anti." Ya ci tuwon, ya yi godiya, ya naɗe takardunsa ya fita.

Ita kuwa ta riƙe wasanta har ƙarshe. In ya kira, sai ta ba shi labarin kasuwa, abin da ma'aikatan asibiti suka gaya mata da wanda shi kansa ya karanta mata a makon jiya. Sau ɗaya tak aka fitar da ita, ta aiko masa da hoto: hular ulu har gira, bargo a kafaɗa, kofi a hannu, fitilu a bayanta. Ya kawo mini yana murna, wai sanyi ya ramar masa da mata. Ni da nake tura keken marasa lafiya kullum, ina kallo na gane hannun keken a bayan kafaɗarta. Na ce ta yi kyau, na miƙa masa abinsa, na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kukana.

A farkon Janairu likitoci suka ce sun yi iyakar yinsu, aka mayar da ita gida wurin mahaifiyarta. Ranar sha biyar ga wata izinin tafiyar Malachy ya iso. Ya tsallako titi da ambulan a hannu, ko takalmi bai ɗaure ba. Ya ce tunda Kirsimeti ta wuce ba sauran gaggawa, zai bari sai Ista, lokacin da masaƙa za ta ba shi hutu mai tsawo, ya je ya yi mata wata guda cur.

Ka ji fa. Dalilin ɓoyewar ya ƙare a wannan ranar, ba abin da zai rasa in ya tafi. Duk da haka ban gaya masa ba. Alkawari ya riƙe ni, haka na gaya wa kaina, amma gaskiyar ita ce tsoro, don in na faɗa sai na faɗi tun yaushe na sani. Na ruga wurin Baba Nanven, ya ce a bari ita ta gaya masa da bakinta, ba mu za mu shiga tsakanin miji da mata ba. Na kira gida, aka ce jikin da sauƙi, tana barci. Na ce to, gobe. Goben nan na yi ta ja har kwana goma sha uku, aka kira daga gida cewa Roseline ta rasu.

Ranar Asabar da safe muka je, mu biyar, Baba Nanven a gaba da Littafi Mai Tsarki a hammata. Malachy yana sa wa kekensa iska. Yana ganin mu a jere, kowa da kayan coci ranar da ba Lahadi ba, ya saki famfon. Duk ɗan gida ya san irin wannan zuwan. Muka shiga ɗakin, wasu a bakin gado, wasu a tsaye. Baba ya yi doguwar addu'a, ya zagaya, ya zagaya, sannan ya faɗa.

Bai yi ihu ba. Ya tambayi ciwon, aka gaya masa. Ya tambayi Jamus, Baba ya ce asibiti ne, ba waƙa ba, kuma an yi haka ne don a taimake shi. Sai ya juyo ya dube ni, ni kaɗai.

"Anti, ranar da kika hana ni tafiya, kin sani?"

Na ce na sani.

"Ranar da na kawo miki takardar izinin fa?"

Na ce na sani.

"Tana da rai a ranar? Tana magana, tana gane mutane?"

Na ce, "Tana ganewa."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya dubi hannuwansa. Ya ce, "Anti, daga nan zuwa gida fa tafiyar kwana biyu ce."